Masu Kewar Katsinar Da, Wa Zai Biya Kuɗin Yaɓe?

Wata Asabar kawuna ya ja ni filin ƙwallon lambu, wato golf, wai in je in ga abin da ke fitar da shi daga gida da sassafe tun da ya yi ritaya. Shi da abokan wasansa ba ƙwararru ba ne. Tsofaffin ma'aikata ne da 'yan kasuwa, suna yi don motsa jini da sada zumunci, wanda ƙwallonsa ya faɗa cikin ciyawa a yi masa dariya a wuce. Da rana ta ɗaga suka dawo inuwa, aka kawo ruwan sanyi, hira ta ɓarke. Ba a daɗe ba ta gangara inda hirar dattawan garin nan take gangarawa kullum, wato Katsinar da.

Wani ya ce suna yara bisa ganuwa suke tsere, daga wajen Ƙofar Sauri su nufi Ƙofar Durɓi ba tare da sun sauko ba. Wani ya tuna ranar da malaminsu na firamare ya kai su hasumiyar Gobarau, suka hau har sama suka ga gari shimfiɗe, soraye da kukoki da hayaƙin girki. Kowa ya kawo tasa, aka yi ta "Allah sarki", aka rufe da cewa gwamnati ta yi sakaci, 'yan zamani kuma ba su san darajar komai ba.

Kafin a watse sai ma'ajinsu ya tuna musu kuɗin wata: na ma'aikacin fili, na mai, na gyaran rumfa. Ba wanda ya yi gardama. Wasu suka ƙirga a hannu, wasu suka tura ta waya nan take.

A mota na ce, "Kawu, duk kewar nan da kuke yi, cikinku akwai wanda ya taɓa biyan ko kuɗin mangala ɗaya ta ƙasa don a gyara ganuwa?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, to wa za mu ba?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma zan zo kanta. Amma ga matsayina tun yanzu. Tsofaffin gine-ginen Katsina da Daura ba wata ƙatuwar kwangila suke jira ba, wadda za a zo a rushe a sāke da siminti a yi bikin buɗewa. Hidima suke bukata ƙarama, ta kowace shekara, wadda ba ta yankewa. Kuma mutanen da suka fi cancanta su ɗauki nauyinta su ne waɗannan da suka fi kowa kewar, suke da hali, suka kuma riga suka saba da biyan kuɗin ƙungiya a kan kari don kada filin wasansu ya lalace.

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa cikin birni ya san yadda abin yake. Ruwa ne abokin gāba, ba shekaru ba. Indararo ya tsage ko ya toshe, ruwan soro ya daina zuba nesa, ya riƙa gangarowa jikin bango. Damina ɗaya ya yi 'yar hanya. Damina ta biyu hanyar ta zama kwari, tubali ya fara leƙowa. Ta uku kan azara ya jiƙe, rufi ya sunkuya. Sai wata rana cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa, a ji rugum. Mutane su taru su ce ai ginin ya tsufa. Alhali kuwa abin da ya kashe shi aikin yini biyu ne da ba a yi ba shekara uku da suka wuce.

Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa gyara yake cikin tsarin shekararsu. Damina ta wuce, an kai amfanin gona gida, sai a kira magini. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a cike duk inda ruwa ya ci, a yi sabon yaɓe. Mai hali ya sa a shafe masa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko a yi masa laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Azarar giginya kuwa gara ba ta cinta da sauƙi, in dai ba a bar ta cikin danshi ba. Ganuwa ita ma haka: da aikin gayya ake tayar da inda ya zube.

Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Katsina a 1851 ya ƙiyasta kewayen ganuwarta ya kai mil 13 zuwa 14. Abu mai wannan girman, na ƙasa zalla, bai tsaya ɗaruruwan shekaru don ƙarfin ginin farko kaɗai ba. Ya tsaya ne saboda kowane zamani ya sa masa hannu. Mu ne zamanin da ya janye nasa.

Je ka duba abin da ya rage. Akwai wurin da na tsaya kwanan baya, tudun ganuwa ya kai tsayin mutum biyu, amma an ƙwaƙule gindinsa har ya yi kogo, don masu bugun bulo sun samu jar ƙasa kyauta. Sawun diga yana nan sabo. Awaki a sama, juji da baƙar leda a ƙasa, sannan katangar wani gida ta ciji gefensa ta shige da shi tsakar gida. Babu wanda ya zo da niyyar rushe tarihi a nan. Kowa ɗan abin da yake bukata ya ɗiba, kuma babu mai cewa "bari".

"Ai siminti ya fi ƙarko"

Wannan ita ce maganar da aka fi jefo mini, kuma ita ce ta fi yi mana ɓarna, don masu yin ta da kyakkyawar niyya suke yi.

In sabon gida za ka gina, yi da abin da ka ga dama. Amma shafa siminti a kan tsohon bangon ƙasa cuta ce gare shi. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana rufe shi a ciki. Ga shi su biyun ba sa kama juna da gaske. Ƙwanƙwasa irin wannan bangon da bayan yatsa bayan 'yan shekaru, za ka ji yana amo, alamar filastar ta rabu da ƙasar. Ruwa ya samu tsaga ya shiga ta baya, yana cin bangon ba wanda ya gani, har ranar da falle guda zai ɓallo ya faɗo, a ga ciki duk ya zama gari. Da yaɓen ƙasa ne, da tun farko ido ya ga inda matsalar take.

Ɗaya hanyar kuma ita ce a share tsohon baki ɗaya a gina sabo da bulo da rodi, a ɗora masa zankwaye, a shafa fenti ruwan ƙasa, a rubuta tsohon sunan. Da yawa daga cikin ƙofofinmu abin da ya same su ke nan. Ban ce ba su yi kyau ba, kuma na san tirela ba za ta wuce ta ƙofar da aka yi don jaki da raƙumi ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan alama ce ta inda ƙofa take a da. Yaron da aka ce masa ta Ƙofar 'Yandaka Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo Katsina a 1903 ya cancanci ya ga kaurin bangon da ya tsare garin, ya ga yadda aka ɗaure rufinsa. Inda hanya ta tilasta, a ratsa da titi ta gefe a bar tsohon gini a tsaye. Garuruwa da yawa haka suka yi.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Hasumiyar masallacin Agadas, nan maƙwabtanmu a Nijar, ta kai mita 27, ta ƙasa ce, kuma tsohon birnin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Itatuwan nan da ke fitowa daga jikinta su ne matakalar magina in za a yi gyara. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallaci, yara na kwaɓa, mata na kawo ruwa, magina na sama. Ba su fi mu arziki ba. Abin da suka fi mu shi ne ba su daina ba.

"Aikin gwamnati ne"

Wani ɓangare nasa, ƙwarai. Hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, akwai hukumar tarayya da doka ta ɗora wa kula da su, akwai ta jiha, ga kuma masarauta. Hana mutum gina gida a kan ganuwa ko haƙar ƙasarta ba aikin ƙungiya ba ne, sai mai iko. Wannan dole a ci gaba da matsa wa hukuma lamba a kansa.

Amma mu duba yadda kuɗin gwamnati ke tafiya. Yana zuwa ne a dunƙule, cikin kasafi, ta hannun ɗan kwangila, sau ɗaya a shekaru masu yawa, kuma yana son abin da za a ɗauki hotonsa a yanka ƙyalle. Sauya indararo uku da cike tsaga kafin ruwan farko ba ya shiga wannan tsarin. Kafin takarda ta zagaya ofis-ofis damina ta zo ta wuce. Ginin ƙasa kuwa kuɗi kaɗan yake so, amma a kan lokaci, kuma kowace shekara.

To wa ya iya irin wannan biyan? Ai su Kawu. Filin ƙwallon lambu ma ba a gyara shi sau ɗaya a tafi. A filayen Arewa da yawa, inda ruwa bai isa a shuka lallausar ciyawa kewayen rami ba, yashi ake cuɗawa da mai a shimfiɗa, kuma kafin kowa ya buga sai an ja abu an lallaɓe shi. A bar shi wata biyu, ƙaya da kashin awaki sun cinye. Sun san haka, shi ya sa suke da ma'aji da littafi da ma'aikaci na dindindin. Wannan ɗabi'ar nake roƙo su ara wa garinsu.

Yanzu ga amsar "wa za mu ba". Ku ba kanku. Ku kafa asusu a ƙarƙashin ƙungiyarku ko wata sabuwa da za ku yi wa rajista, ku je fada ku nemi albarkar Mai Martaba da jagorar Sarkin Magina, ku zauna da ma'aikatan gidan tarihi su nuna abin da doka ta yarda a taɓa da yadda za a taɓa shi. Ku biya magini kai tsaye, kuɗin aiki da na kaya, ba ta hannun wani ba. Ƙarshen shekara a liƙa lissafi inda kowa zai gani. Gasar da kuke yi ta shekara, a sa wa kowane ɗan wasa wani abu a kan kuɗin shiga. Mutum arba'in masu hali in suka dage shekara goma, abin da za su tsayar ba kaɗan ba ne.

"Mutane na fama da yunwa da 'yan bindiga, kana zancen bango"

Wannan maganar tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Akwai ƙauyukan da aka tashi a jihar nan, akwai gonakin da ba a iya nomawa, akwai 'yan gudun hijira a cikin garin. In aka ce in zaɓa tsakanin ran mutum ɗaya da ganuwa duka, ba sai na yi tunani ba.

Sai dai ba wannan zaɓin ke gabanmu ba. Ban ce a cire daga kuɗin tsaro ko na asibiti ba. Kuɗin da nake magana a kai yana aljihun mutanen da sandar wasansu guda ta fi kuɗin aikin magini na makonni. Kuma ina kuɗin zai tafi? Wurin magini, da mai jaki ko mai kura da zai kawo ƙasa, da mai ruwa, da mai sayar da azara, da samarin unguwa masu miƙa tubali. Duk nan cikin gari zai tsaya, a hannun waɗanda ake cewa suna jin yunwar. Rodi da siminti kuwa yawancin kuɗinsu ficewa yake yi.

Akwai kuma masu tsoron kada kula da tsofaffin wurare ya kai ga girmama su fiye da kima ta fuskar addini. Ina girmama wannan taka-tsantsan. Amma Gobarau masallaci ce da makaranta, a garin da malamai irin su Al-Maghili suka sauka, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Gyara bangonta don jikokinmu su san an yi karatu a nan tun zamanin Muhammadu Korau bai zama bauta mata ba.

Me ya haɗa wasa da tarihi?

Wani zai ce ƙwallon lambu wasan Turawa ne da masu kuɗi, me ya kawo su cikin zancen gadon Hausawa. Wasu ma suna ganin filin kansa asara ne, gara a yanka shi fuloti-fuloti.

A Katsina dai wasa da tarihi sun daɗe da cuɗanya. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon doki a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara da shi har ƙasashen waje. Yau in an ce ƙwallon doki a Najeriya, sunan Katsina na cikin waɗanda ake fara kira, ba mai cewa baƙon wasa ne. Haka wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu, wanda wani malami Bature ya kawo wa 'yan makaranta, Sardauna ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, har yau ana yinsa a garin nan. Abin da aka riƙa kula da shi ya zama namu.

Shiga tsohuwar Kwaleji da ke Rafindaɗi ka gani. Gwamna Hugh Clifford ne ya buɗe ta a 1922, kuma a ɗakunan nan na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita suka yi karatu, kafin a mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ka shiga da tsakar rana cikin Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a waje, ka ji sanyin da bango mai kauri ke riƙewa ba fanka ba komai. Wanda ya ce ginin ƙasa alamar talauci ce, a kai shi nan ya tsaya minti biyar. Tsofaffin ɗaliban Barewa suna ko'ina a manyan muƙamai, kuma asalin makarantarsu ke nan. Su ma da su nake.

Batun yanka filin kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Haɗamar da ke cin ganuwa ita ce dai ke hangen filayen wasa da makabartu da kududdufan da ke shanye ruwan gari. Gari na bukatar sarari da itatuwa. Amma in 'yan wasa suna son talaka ya tsaya musu ranar da aka zo da igiyar awo, sai talaka ya taɓa ganin amfaninsu a wajen shingensu. Su buɗe ƙofa ga yaran makaranta, su koya wa yaran da ke ɗaukar musu jakar sanduna wasan da gaske, a kuma ga sunan ƙungiyarsu a jikin wani gyara a cikin birni.

Ba duka za a ceto ba

Ganuwar mil goma sha wani abu ba za ta dawo ba. Gari ya tsallake ta tuni, dubban mutane suna zaune inda take, kuma ba na cikin masu cewa a tashe su. Gidajen cikin birni ma masu su suna da 'yancin sāke gini in iyali sun yi yawa. Abin da zai yiwu shi ne a zaɓa. A ɗauki gutsure biyu ko uku na ganuwa da har yanzu suke da tsayi, a shata musu iyaka, a cike gindinsu, a sa mai gadi daga unguwar. A ƙirga tsofaffin zaurukan da ke da rufi irin na bakan gizo da ɗaurin guga a Yarinci da Masanawa da Gambarawa da sauransu, a je wa masu gidan da tayi: mu za mu biya yaɓen zaure kowace shekara, ku dai kada ku rushe shi. Da yawa ba don ƙi suke rushewa ba, kuɗin gyara ne ya fi ƙarfinsu.

Daura ma haka. Rijiyar Kusugu tana samun baƙi saboda labarin Bayajidda da Daurama ya ratsa ko'ina, amma baƙon da ya sha ruwan rijiya ya kamata ya samu tsohon gari da zai zagaya, ba ya koma mota nan take ba. Kaburburan sarakuna na Durɓi Ta Kusheyi a ƙasar Mani su ma suna bukatar wanda zai riƙa leƙa su.

Abin da ya fi gaggawa a duk wannan shi ne magina. Bango in ya zube ana iya tayar da shi muddin akwai wanda ya iya. Waɗanda suka san yadda ake jera azara a tayar da bakan gizo, suka san ƙasar da ta dace da wadda za ta tsage, yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun koma bulo ko acaɓa saboda nan ne abinci yake. Ba laifinsu ba ne. Saurayi ba zai zauna koyon sana'ar da ake kiran mai ita sau ɗaya a shekara biyar ba. In akwai asusun da ke ba da aiki tabbatacce daga Nuwamba zuwa Maris kowace shekara, da sharaɗin kowane babban magini ya riƙe yara biyu ko uku yana koya musu ana biyan su, sana'ar za ta samu masu gado. Don haka kuɗin farko da aka tara, kafin a sayi allon sanarwa ko a buga kalanda, a nemo dattawan nan a rubuta sunayensu da unguwanninsu, a tambaye su wane gini ne ba zai iya jure wata daminar ba, a fara da shi.